Rage ci yana gyara garkuwar jiki ne ko yana karya ta?

Maman Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, don Allah masu ilimin abin su taimaka. Shekarata 47. Wata huɗu da suka wuce na je ganin likita saboda ciwon gwiwa da yawan kasala. Aka ɗebi jinina, sakamako ya fito, ya ce wani abu mai suna CRP ya ɗan hau, wai alamar kumburi ce a cikin jiki, kuma teɓar cikina tana da hannu a ciki. Ya ce in rage ci. Ni kuma da na tashi ragewa ban yi da wasa ba: sau ɗaya a rana, shi ma ɗan kaɗan. Kilo 11 na sauke a wata uku. Gwiwa ta yi sauƙi, wannan ba zan ɓoye ba. To amma mura ta kama ni sau biyu cikin sati shida, ta biyun sai da ta kwantar da ni kwana tara. Gashina yana zuba, kullum ina jin sanyi ko kowa na gumi, sannan ɗan yankan da na yi a yatsa ya daɗe bai rufe ba. Maigidana ya ce na kashe garkuwar jikina da yunwa. 'Yata kuma ta turo min bidiyo wai rage ci sabunta garkuwar jiki yake yi. Wa zan bi a cikinsu?

Abdul:
Wa alaikumus salam Anti. 'Yarki ce da gaskiya, kuma ba maganar bidiyo ba ce kawai. Tun 1935 wani masani mai suna Clive McCay a Jami'ar Konel ta Amurka ya rage wa ɓeraye abinci, suka fi 'yan uwansu da ke ci su ƙoshi tsawon rai. Daga baya an gwada a kan ƙudaje, tsutsotsi, har birai. Ni kaina shekara biyu ke nan ba na cin komai sai bayan azahar ta wuce, kuma ban taɓa jin daɗin jikina kamar yanzu ba. Mura ai ta kowa ce. Ki daure, jikin ne yake fitar da datti.

Ummi:
Abdul, ka yi haƙuri, amma ka daina gaya wa mutane "jiki na fitar da datti" idan gashinsu na zuba. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, shida daga ciki a ɗakin masu tarin fuka. Kafin in duba katin mutum, ramarsa take fara gaya min labari. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa ƙarancin abinci mai gina jiki a sahun gaba na abubuwan da ke jawo tarin fuka. An yi wani babban gwaji a jihar Jarkan ta Indiya, sakamakonsa ya fito a 2023: mutum fiye da dubu goma da ke zaune gida ɗaya da masu tarin fuka, aka ƙara wa wani kaso abincin kalori 750 (kalori ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki ne) da furotin giram 23 a kullum. Ba allura ba, ba ƙwaya ta tarin fuka ba, abinci da sinadaran ƙari kawai. Kamuwa da cutar ta ragu da kashi 39 zuwa 48 cikin ɗari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yunwa tana tsaga bango.

Abdul:
Anti Ummi, waɗancan ai masu tamowa ne. Anti Maman Safiyya ƙiba gare ta. Ba ɗaya ba ne.

Ummi:
Na yarda ba ɗaya ba ne. Amma wanda yake ci sau ɗaya a rana, ɗan kaɗan, tsawon wata uku, ina yake nufa in ba can ba? Mai ƙiba ma yana iya rasa furotin da sinadarin ƙarfe a jikinsa alhali teɓar tana nan. Na sha gani.

Malam Sani:
Bari in sa baki, don ina ganin kalmar "kumburi" ce take rikita mu. Ni ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, wannan CRP ɗin kullum yana ratsa hannuna.

Idan aka ce kumburi, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ƙafa ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi, tana zogi. Wannan kumburin alheri ne. Fararen ƙwayoyin jini ne suka yi dafifi a wurin don su kashe ƙwayar cuta su gyara ɓarna, in sun gama su watse. Wanda jikinsa ba ya iya yin irin wannan, ƙaramin ƙurji ma yana iya kai shi kabari.

Wanda likitan Hajiya yake nufi wani ne daban. Ba a ganinsa, ba a jin zafinsa. Kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka, yana ci a hankali shekara da shekaru, yana lalata bangon jijiyoyin jini, yana hana insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, aiki yadda ya kamata. Hanta ce take sakin CRP idan saƙon kumburi ya iso mata, shi ya sa muke auna shi. A gwajin da ake yi don duba haɗarin ciwon zuciya, ƙasa da miligiram 1 a lita ƙasa ne, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 kuma ya hau.

Ina kitse ya shigo? Da, ana ɗaukar kitse tamkar rumbu ne kawai, a zuba a ɗiba. A 1993 Gokhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman a Boston suka nuna cewa kitsen ɓera mai ƙiba yana fitar da TNF, ɗaya daga cikin sinadaran da ke hura wutar kumburi. Bayan shekara goma, a 2003, aka gano su waye ke yawan fitar da shi: wasu ƙwayoyin garkuwa ne masu suna makrofej, waɗanda aikinsu haɗiye mushen ƙwayoyi da ƙwayoyin cuta. Idan ƙwayar kitse ta cika ta batse har ta mutu, sai su zo su kewaye ta. A jikin marar ƙiba ba su kai kashi 10 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke cikin kitse ba, a jikin mai ƙiba kuwa suna iya kai wa kashi 40. Kuma kitsen da ke kewaye da hanji jininsa kai tsaye hanta yake zuwa. Shi ya sa ake matsa wa tumbi fiye da kitsen cinya.

Saboda haka likitanki bai yi kuskure ba, Hajiya. Tambayar ita ce nawa za a rage.

Maman Safiyya:
Malam Sani Allah ya ƙara ilimi. Wallahi tun da aka ce min kumburi nake ta duba jikina ina neman inda ya kumbura. To nawa ɗin ne?

Dakta Hadiza:
Hajiya sannu da jiki. Na karanta duka, kuma maigidanki da 'yarki kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Zan ɗan tsawaita, a yi min uzuri.

Gwajin da ya fi kowanne amsa tambayarki a kan mutane shi ne wanda ake kira CALERIE, a Amurka. Mutum 218 ne, masu lafiya, 'yan shekara 21 zuwa 50, babu mai ƙiba sosai a cikinsu. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a: 143 su rage ci, 75 su ci gaba da cin yadda suka saba, tsawon shekara biyu. An nemi masu ragewar su yanke kashi 25 cikin ɗari na kalorinsu. Duk da masana abinci da aka haɗa su da su, ba su iya ba. Abin da suka iya riƙewa a matsakaici shi ne kusan kashi 12, wato wajen kalori 300 a rana. Suka sauke kimanin kilo 7 da rabi, akasarinsa kitse.

Simin Meydani ta Jami'ar Tufts da abokan aikinta ne suka duba garkuwar jikinsu, suka buga a 2016. CRP na masu rage ci ya yi ƙasa da na ɗaya rukunin da kusan kashi 40 cikin ɗari, TNF da kusan rabi. Adadin fararen ƙwayoyin jini ma ya ɗan sauka. Nan ne wurin fargabar: shin an rage kumburi ne ta hanyar raunana tsaron jiki? Sai suka gwada kai tsaye. Aka yi musu allurar rigakafin ciwon hanta nau'in A, da ta tetanus da maƙarau, da ta nimoniya, aka auna martanin jikinsu. Babu bambanci tsakanin rukunonin biyu. Aka yi gwajin martanin fata, inda ake sa ɗan abu baƙo a fata a ga ko garkuwa za ta mayar da martani, shi ma haka. Aka ƙirga yawan kamuwa da cututtuka a shekara biyun, masu rage ci ba su fi kamuwa ba.

Wannan shi ne gaskiyar da ke hannun 'yarki. Yanzu mu auna naki da nasu. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Kilo 11 a kwana 90 yana nufin giɓin da ya haura kalori 900 a kullum. Ko an cire ruwan da ake fara saukewa a makonnin farko, giɓin yana nan babba. Mace mai shekarunki da ke ɗan zirga-zirga tana buƙatar wajen 2,000. Ke nan kusan rabi kika yanke, su kuwa kashi ɗaya cikin takwas. Sun yi shekara kafin su sauke abin da bai kai wanda kika sauke a wata uku ba. Sannan su ana bin abincinsu ana tabbatar da furotin da bitamin sun cika, har ƙwayar bitamin da ta kalsiyam ake ba su.

Abin da kika yi ya fi kama da wani gwaji na daban, na Ancel Keys a Jami'ar Minesota, 1944 zuwa 1945. Samari 36 ne suka yarda aka rage musu abinci da kusan rabi na sati 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abubuwan da aka rubuta a kansu: jin sanyi ko da bazara, zubar gashi, kasala, saurin fushi, tunanin abinci dare da rana. Ki duba ki ga nawa kike da su.

Abdul:
Likita, da girmamawa, amma ba ki nuna yunwar ce ta kawo mata mura ba. Ni ma na yi mura bara, maƙwabcina da ke ci sau huɗu shi ma ya yi.

Dakta Hadiza:
Gaskiyarka ƙanina, mura biyu a jikin mutum ɗaya ba hujja ba ce, kuma ban ce ita ce hujja ba. Sanyin da gashin da yankan da ya ƙi rufewa su ne suka fi damuna. Amma tun da ka fara da ɓeraye, mu koma gare su. Ɓerayen da ke yin tsawon rai da rage ci, a keji mai tsabta suke, inda ƙwayar cuta ba ta isa gare su. Elizabeth Gardner a Jami'ar Drexel ta ɗauki tsofaffin ɓerayen da aka rage wa kashi 40, ta sa musu bairos ɗin mura, a 2005. Su ne suka riga masu ci su ƙoshi mutuwa, cikin 'yan kwanaki. Aka sake da matasan ɓeraye, nan ma masu rage cin suka fi jin jiki. Abu biyu aka gani: wasu ƙwayoyin garkuwa da ke fara tarar bairos tun kafin sauran su shirya, ana kiransu NK, sun yi ƙaranci a huhunsu, sannan ba su da ajiyar da za su ƙona lokacin da cuta ta hana su ci. Da aka mayar musu da abinci na sati biyu kafin a sa musu cutar, sai suka fi jurewa.

Yaƙi da cuta tsada gare shi. Duk digiri ɗaya da zazzaɓi ya ƙaru, jiki yana ƙara ƙona kusan kashi 10 cikin ɗari ko fiye. Akwai wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T: guda ɗaya da ta gane abokin gaba sai ta riƙa rabuwa biyu kowane 'yan awoyi har ta zama dubbai, kuma kowacce da furotin ake gina ta.

Malam Sani:
In ƙara a kan na Likita: jiki yana da hanyar da yake sanar da garkuwa ko akwai abinci ko babu. Kitse yana sakin wani sinadari, leptin, wanda Jeffrey Friedman ya gano a 1994. Da zarar an shiga yunwa, leptin yana faɗuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, tun kafin kitsen ya ragu. A 1998 wasu masana a Landan suka hana ɓeraye abinci awa 48, martanin ƙwayoyin T ɗinsu ya dusashe. Suka sake, amma wannan karon suna yi musu allurar leptin, ba tare da ba su abinci ba. Martanin bai dusashe ba. Ashe jiki ne da kansa yake rage wa dakarunsa kasafi idan ya ji labarin fari. A jikin mai ƙiba leptin ya yi yawa, yana ingiza kumburi, sauke shi kaɗan alheri ne. A jikin mai yunwa ya yi ƙasa ƙwarai. Sinadari ɗaya ne, matsala a sama, matsala a ƙasa.

Nura:
Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata: a wancan gwajin na shekara biyu, rage kalori ne ya sauke kumburin, ko kuwa raguwar kitse? Domin in kitsen ne, wanda ya ƙona shi da motsa jiki ma zai samu, ba sai ya takura wa cikinsa ba.

Malam Sani:
Tambaya mai kyau Nura. A jikin mutum biyun tare suke tafiya, da wuya a raba su. Kuma e, motsa jiki yana rage kitsen ciki, CRP yana bin sa ƙasa. Amma akwai abubuwan da ke faruwa cikin awoyi, tun kitse bai motsa ba. A 2019 rukunin Miriam Merad a Niyok ya auna jinin mutane bayan sun yi awa 19 ba su ci ba, aka ga monosait, wato fararen ƙwayoyin jinin da ke rikiɗa su zama makrofej, sun ragu a jini. Haka kuma idan suga ya yi ƙasa, hanta tana sarrafa kitse ta fitar da sinadaran kiton. A 2015 ɗakin binciken Vishwa Deep Dixit a Jami'ar Yel ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu yana toshe NLRP3, wata na'ura a cikin makrofej da ke kunna kumburi.

Abdul:
To kun gani! Abin da nake faɗa ke nan tun farko. Tsallake abinci magani ne.

Malam Sani:
Dakata ɗan uwa, labarin bai ƙare ba. A asibitin koyarwa ɗaya da na Merad, wato Mount Sinai, rukunin Filip Swirski ya bi monosait ɗin nan don ganin ina suke zuwa, a 2023. A jikin ɓeraye, bayan awa huɗu babu abinci, kashi 90 cikin ɗari sun ɓace daga jini. Ba mutuwa suka yi ba, ɓargo suka koma suka lafe, kuma ƙwaƙwalwa ce ta ba da umarnin ta hanyar sinadaran tashin hankali. Da aka mayar da abinci bayan awa 24, sai suka kwararo cikin jini gaba ɗaya, sun tsufa, sun fi saurin tayar da kumburi. Da aka sa wa ɓerayen bakteriya a huhu a wannan lokacin, sun fi waɗanda ba a hana abinci ba mutuwa. Awa 24 a jikin ɓera ba daidai take da awa 24 a jikinka ba, shi jikinsa yana ƙona abinci da sauri ƙwarai. Amma raguwar fararen ƙwayoyi a jini ba kullum take nufin an samu lafiya ba.

Abdul:
Wannan ban taɓa ji ba. Amma ni dai abin ya karɓe ni.

Dakta Hadiza:
Ba mamaki ya karɓe ka. Kai matashi ne, kuma ina kyautata zaton idan ka zauna ci kana cika abin da jikinka ke buƙata. Gajarta lokacin ci daban, rage yawan abin da ke shiga ciki da rabi daban. Abin da nake roƙonka kawai, kada ka mayar da abin da ya karɓe ka ya zama takardar magani ga uwa mai shekara 47 da gashinta ke zuba.

Baba Lawal:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min, idanuna ba sa son ƙananan rubutu. Shekarata 71, ni ba mai jiki ba ne tun ina saurayi. Ɗana ya ce ya karanta cewa rage ci yana mayar da garkuwar tsoho ta yaro, yana so in bar cin dare. Likita me kika ce?

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na san abin da ɗanka ya karanta, kuma ba ƙarya ba ne. Akwai wata 'yar gaɓa a bayan ƙashin ƙirji, sama da zuciya, sunanta taimos. Ita ce makarantar ƙwayoyin T, a nan suke koyon bambance jiki da baƙo. Tun daga balaga take fara shanyewa, kitse yana maye gurbinta, kafin mutum ya kai arba'in mafi yawanta ya zama kitse. Wannan yana cikin dalilan da ke sa rigakafi ba ya kama tsoho kamar yadda yake kama yaro. A 2022 rukunin Dixit ɗin da Malam Sani ya ambata ya ɗauki hoton wannan gaɓa a jikin wasu daga cikin mutanen CALERIE, waɗanda suka rage kusan kashi 14. Bayan shekara biyu kitsen da ke cikinta ya ragu, ɓangaren da ke aiki ya ƙaru, tana fitar da sababbin ƙwayoyin T fiye da da. Ni kaina da na karanta sai da na sake karantawa, don an daɗe ana ɗauka cewa in ta shanye ta tafi ke nan.

Amma Baba, babu ɗan shekara 71 a cikinsu, mafi tsufansu 50 ne lokacin da aka fara. A birai an ga cewa lokacin farawa yana da tasiri: waɗanda aka fara rage musu suna tsakiyar ƙarfinsu, ƙwayoyin T ɗinsu sun jinkirta tsufa, waɗanda aka fara musu da tsufa kuwa ba su samu wannan ribar ba. Sannan a 2024 cibiyar bincike ta Jackson da ke Amurka ta fitar da sakamakon ɓeraye 960 masu mabambantan asali. Rage ci ya tsawaita ransu a jimlace, amma a cikin kowane rukuni waɗanda suka fi riƙe nauyinsu su ne suka fi daɗewa, waɗanda suka fi zubewa suka riga mutuwa. Ko matasan CALERIE ma ƙashinsu ya ɗan rage ƙwari a ƙugu da gadon baya. A shekarunka abin da muke gudu shi ne zubewar tsoka da karaya. Tsoka ita ce ajiyar furotin da jiki ke ɗiba ranar da ciwo ya kwantar da mutum. Masana lafiyar tsofaffi ma cewa suke a ƙara muku furotin, giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyi, sama da 0.8 na sauran manya. Kada garin neman gira a rasa ido. Ka ci abincin darenka, Baba.

Baba Lawal:
Madalla 'yata. Zan sa a karanta masa.

Ummi:
A ƙara da masu ciki, masu shayarwa, yara masu tasowa, da duk wanda ke shan maganin tarin fuka ko yake jinyar tiyata. Masu ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke sauke suga kuwa, kada su taɓa rage ci ba tare da likita ya gyara musu magani ba. Na karɓi waɗanda aka kawo a sume saboda haka, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Nura:
Wani abu kuma da ya tsaya min. In har kumburin ɓoye ne matsalar, me ya hana a ba da magani ya kashe shi gaba ɗaya a huta?

Dakta Hadiza:
An gwada. Paul Ridker ya jagoranci wani gwaji mai suna CANTOS, sakamakonsa ya fito a 2017. Mutum sama da dubu goma da suka taɓa samun bugun zuciya kuma CRP ɗinsu yana sama, aka riƙa yi wa wasu allurar da ke toshe ɗaya daga cikin sinadaran kumburi, wanda NLRP3 ke kunnawa. Sake samun bugun zuciya da makamantansa ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari, ba tare da kolestarol ya motsa ba. Amma mutuwa ta hanyar kamuwa da ƙwayoyin cuta ta ƙaru. Wutar da ke cin jijiya ita ce dai wutar da ke ƙona bakteriya. Wannan ne ya sa sakamakon CALERIE yake burge ni: kumburi ya sauka, rigakafi kuma ya ci gaba da kamawa. A ɗan ƙaramin ragi aka samu haka.

Maman Safiyya:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na ji kunya kaɗan amma na fahimta. Lokacin da murar ta kwantar da ni ma ban ƙara ci ba, ina tsoron kada kilon ya dawo. Yanzu ya zan yi? In koma yadda nake da, gwiwa za ta dawo.

Dakta Hadiza:
Babu abin kunya Hajiya, an ce ki rage ba a gaya miki nawa ba. Ba komawa za ki yi ba, kuma ba ci gaba da wannan ba. Ki mayar da cin ya zama sau biyu ko uku, kowanne da furotin a ciki, da ganye da kayan marmari, ki ƙara a hankali cikin sati biyu. Ki tsaya a nauyin da kike na wata ɗaya ko biyu jiki ya huta. In za ki ci gaba da saukewa, giɓin kalori 300 zuwa 500 a rana ya isa, wato kada ya wuce rabin kilo a sati. Ki haɗa da tafiya da ɗan ɗaga abu mai nauyi don tsoka. Ranar da kike zazzaɓi kuwa babu maganar rage ci, ki ci abin da ya shiga, ki sha ruwa.

Ki koma wurin likitanki ki gaya masa ainihin abin da kike ci, kada ki rage masa komai. Ki nemi a duba yawan jininki da sinadarin ƙarfe, da aikin tayrod, gaɓar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, saboda sanyin da gashin, da suga saboda yankan nan, don ciwon suga ma yana hana ciwo rufewa. Zubar gashi bayan saurin rama yakan ɗauki 'yan watanni kafin ya tsaya, kada ki firgita in bai daina nan take ba.

Maman Safiyya:
To Likita. CRP ɗin fa, in sa a sake gobe in ga ko wahalar ta biya?

Malam Sani:
A'a Hajiya, kada ki yi gobe. Yaushe murar ta sake ki?

Maman Safiyya:
Kwana biyar ke nan, har yanzu akwai ɗan tari.

Malam Sani:
To ki jira. Mura kaɗai tana iya ɗaga shi ya ninka sau da yawa, sai ki ga lamba babba hankalinki ya tashi a banza. Ki bari tarin ya tafi, ki ƙara aƙalla sati biyu a kai, sannan a ɗiba. In da hali a yi sau biyu, sati biyu tsakani, kuma a ɗakin gwajin da aka yi na farkon. Sauran gwaje-gwajen da Likita ta lissafa ba sa buƙatar jira, ki je a yi su cikin satin nan.

Maman Safiyya:
In sha Allahu jibi zan je. Zan tafi da takardar gwajin farko.